Kangon da Ya Yi Shekara 85 Babu Rufi: Nazarin Ceton Wani Gidan Sarauta a Karkarar Faransa

A arewacin gundumar Vienne, a yammacin Faransa, tsakanin garin Loudun da kwarin kogin Loire, akwai wani tsohon gidan sarauta mai suna La Mothe-Chandeniers da ke zaune a tsakiyar ruwa. Gwalalo mai faɗi ne ya kewaye shi, sai ta gada ake isa ƙofarsa. Karkara ce ta gonakin hatsi da inabi da dazuzzuka, ƙauyukanta ƙanana, kodayake Chinon da Saumur da tsohon gidan ibadar Fontevraud ba su da nisa da wurin. Daga 1932 zuwa 2017 gidan ya zauna babu rufi babu mai gyara na ƙwarai, itatuwa suka tsiro a ɗakunansa har suka leƙo ta saman katangu. Wannan nazari ya bi matsalar tun daga tushe: yadda ta faro, hanyoyin da aka gwada suka ci tura, da wadda ta yi aiki daga baya.

## Ƙarni na 13 zuwa 1857: gida mai mutuwa yana tashi

Tun ƙarni na 13 akwai gini a wurin. Na farko sansani ne na iyalin Bauçay, waɗanda ke cikin manyan masu ƙasa a yankin Loudun, kuma don tsaro aka yi shi. Yankin ya daɗe a tsakiyar rigimar sarakunan Faransa da na Ingila, har sau biyu Turawan Ingila suna ƙwace gidan.

A ƙarni na 17 ya shiga hannun François de Rochechouart, wani babban bafade da aka nesanta daga fadar sarki a zamanin tawayen manya da ake kira Fronde, wanda aka yi daga 1648 zuwa 1653. Ya koma ƙauye ya ci gaba da rayuwa irin ta fada, har bashi ya ci ƙarfinsa. A 1668 masu binsa bashi suka karɓe gidan. Da juyin juya halin Faransa na 1789 ya zo aka washe shi, aka bar shi a yashe.

A 1809 wani attajirin ɗan kasuwa daga Paris, François Hennecart, ya saye shi ya gyara, ya kuma farfaɗo da filayen da ke kewaye. A 1857 gidan ya koma hannun Baron Edgard Lejeune, ɗaya daga cikin masu kula da dawakan Sarki Napoleon na Uku, ta hanyar matarsa wadda jinin Hennecart ce. A duk wannan tarihi, in gidan ya faɗi, mai kuɗi guda ne ke zuwa ya tashe shi da aljihunsa.

## Wajajen 1870: ginin da ake gani yau

Iyalin Lejeune ba gyara suka yi ba kawai. Kusan sabon gida suka ɗora a kan tsohon wurin, bisa salon da ake yayi a Turai a lokacin, wato kwaikwayon gine-ginen zamanin da: hasumiyoyi masu tsinin kai, tagogi dogaye masu sassaƙa, tsakar gida mai bakuna da matakala ta ƙawa, ga ruwa ta kowane ɓangare yana nuna hoton ginin. Manyan gidajen sarautar kwarin Loire ne abin koyinsu. A daidai wannan zamani ne shahararren mai zanen gini Viollet-le-Duc yake sake gina gidan sarautar Pierrefonds domin Napoleon na Uku, aikin da ya fara a 1857. Wanda ke hidima a fadar sarki kuwa yana ganin irin abin da sarki ke so.

Kayan ginin su ne na yankin. Katangun na wani farin dutse ne mai taushi da Faransawa ke kira tuffeau, wanda ake haƙowa a ƙasar Loire. Masassaƙa suna ƙaunarsa domin zarto ma yana yanka shi, ana fitar da ganye da fure da fuska a jikinsa ba wahala. Aibinsa shi ne shan ruwa, don kusan rabin jikinsa ƙananan ƙofofi ne da ido ba ya gani. Ana jera shi da kwaɓin farar ƙasa da yashi. A sama akwai ƙirar katako, a kanta fallayen baƙin dutse, sannan indararo na ƙarfe da ke kwashe ruwan sama ya zubar nesa da bango. Muddin rufin yana nan kuma indararon bai toshe ba, irin wannan dutse yana iya yin ɗaruruwan shekaru.

Akwai kuma abin da ba a gani a hoto. Gida irin wannan ba ya ciyar da kansa. Gonaki da kuɗin hayar manoma da katakon daji su ke biyan mai gyaran rufi, da mai yashe gwalalo, da mai share indararo kowace kaka. Filin wannan gida ya kai kimanin hekta 2,000, fiye da rabinsa daji.

## 13 ga Maris, 1932: gobara

Baron Lejeune na wancan lokaci ya sa an haɗa wa gidan na'urar ɗumama ɗakuna, irin wadda ake hura wuta a wuri ɗaya zafi ya bi bututu ya zagaye gida. Ba a daɗe da gama aikin ba gobara ta tashi. 'Yan kwana-kwana sun zo daga garuruwan kewaye, amma ƙaramin coci da ɗakin tattabaru da gine-ginen hidima na gefe kaɗai suka tsira. Babban gidan ya ƙone ƙurmus: rufi, benaye, ƙofofi, ɗakin karatu mai littattafan da ba a samun irinsu, dardumomin bango na shahararriyar masaƙar Gobelins ta Paris, tsofaffin kayan ɗaki da zane-zane. Jaridun lokacin sun ƙiyasta hasarar da miliyoyin kuɗin Faransa.

Katangun dai sun tsaya, amma ba kamar da ba. Wuta tana sauya launin irin wannan dutse ya koma ja-ja, tana tsattsaga fuskarsa, inda zafin ya yi tsanani sosai kuwa sai ya dahu ya zama gari. Manyan katakon bene da suka ƙone su ne a da ke ɗaure bango da bango. Da suka tafi, kowace katanga ta tsaya ita kaɗai.

Ba a sake rufa gidan ba. Zamanin ma bai taimaka ba: karayar tattalin arzikin duniya ta riga ta iso Faransa, bayan shekara bakwai kuma Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke.

## 1932 zuwa 1981: ruwa, saiwa, da rabuwar gida da gona

Wanda ya taɓa zama a gidan ƙasa ya san abin da damina ɗaya ke yi wa soron da indararonsa ya karye: ta ka ruwa ke shiga, kafin a farga bango ya jiƙe har ciki. Haka abin yake ga dutse, sai dai shi a hankali yake tafiya.

Da rufi ya tafi, kan kowace katanga ya zama a buɗe. Ruwan sama yana shiga tsakiyar bango, inda magina suka cika da ƙananan duwatsu da kwaɓi, yana wanke farar ƙasar kaɗan-kaɗan. In hunturu ya zo sai ruwan da dutsen ya sha ya daskare. Ruwa kuwa in ya zama ƙanƙara yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin ɗari, to sai ya tura dutsen daga ciki, fuskarsa ta ɓare fallaye-fallaye. Ƙarafunan da maginan ƙarni na 19 suka saba ɗaure duwatsu da su suna yin tsatsa, tsatsa tana kumbura, dutsen da aka sa ƙarfen ya riƙe shi ne ƙarfen ke fasawa. Daga ƙasa kuma danshin gwalalo yana hawowa ta harsashi, yana ɗauke da gishirin da ke cinye dutse.

Sannan tsirrai. Iska da tsuntsaye suna kawo iri, toka da ruɓaɓɓen ganye sun zama taki a cikin ɗakuna. Tsiro mai yaɗo ya lulluɓe katangu, itatuwa suka kafu a falo da kan matakala da bakin tagogi. Saiwa tana bin layin kwaɓi don nan ne mai taushi, tana kauri shekara bayan shekara, tana ɗaga dutsen da ƙarti huɗu ba za su ɗaga ba. In iska mai ƙarfi ta kaɗa itacen da ya kafu a kan bango, bangon ne ke amsa jijjigar. Amma abin ba fuska ɗaya gare shi ba. Bayan shekaru masu yawa wasu saiwoyin sun zama su ne igiyar da ke riƙe duwatsun da kwaɓinsu ya zube, ganyen yaɗo kuma yana rage dukan ruwa a jikin bango. Wanda ya zo ya tumɓuke su da gaggawa yana iya rusa abin da ya zo ceta. Wannan batu zai dawo a 2018.

A 1963 wani mai masana'antu da ya yi ritaya ya sayi filin gaba ɗaya daga matar marigayi baron na ƙarshe. Noma da daji aka sa a gaba, wasu daga cikin Faransawan da suka dawo daga Aljeriya bayan samun 'yancinta a 1962 suka noma wani ɓangare. Kangon ya ci gaba da zama yadda yake. A farkon shekarun 1980 wani banki ya sayi dazuzzukan, ya yanka su kashi-kashi ya sayar wa mutane daban-daban. Daga nan gida ya rabu da ƙasar da ke ciyar da shi, maƙwabtansa kuma suka yi yawa.

## 1981 zuwa 2016: ƙoƙarin mutum ɗaya

A 1981 wani tsohon malamin lissafi ya sayi kangon. Ba attajiri ba ne irin masu gidan na da, ƙaunar wurin ce ta kawo shi. Abin da ya iya yi shi ne abin da mutum ɗaya zai iya: sare itatuwa, yanke yaɗo, share hanya, toshe inda ya fi barazana. Ya kuma tsara yadda wurin zai samu kuɗin shiga, amma shirye-shiryen ba su kai ko'ina ba. Filayen kewaye suna hannun wasu, ba kowa ke son abin da yake so ba, kuma ba shi da jarin da zai fara babban aiki.

Saran daji a irin wannan wuri ba ya ƙarewa. Abin da aka yanke bana, baɗi ya tofo da ƙarfi, tunda saiwar tana cikin bango kuma ruwa bai daina shiga ta sama ba. A 2013 mai gidan ya shaida wa wata jaridar yankin cewa ya gaji, har yana tunanin a ayyana ginin a matsayin rusasshe a warware shi. Babu wata dokar gine-ginen tarihi da za ta tsaya masa a gaba in ya ƙudura, kuma dalilin hakan yana buƙatar bayani.

## Me ya sa hukuma ba ta shigo ba

Faransa tana cikin ƙasashen da suka fi daɗewa da tsarin kare gine-ginen tarihi. A 1830 aka ƙirƙiri muƙamin babban sufeton gine-ginen tarihi, a 1834 marubuci Prosper Mérimée ya hau shi, a 1840 aka fitar da jerin farko na gine-ginen da suka cancanci kulawa. Dokar 31 ga Disamba, 1913, ita ce ginshiƙin tsarin har yau. Matakin kariya biyu ne. Na sama shi ne na gine-ginen da ƙasa baki ɗaya ta ɗauka nata ne: ba a taɓa su sai da izinin hukuma, kuma tun 1966 gwamnati tana da ikon tilasta wa mai gini ya yi gyaran gaggawa, ita ta biya aƙalla rabin kuɗin. Na ƙasa da shi, wanda dokar 1927 ta kafa, rajista ce: mai gini sai ya sanar da hukuma wata huɗu kafin ya fara aiki, tallafin gwamnati kuma yana iya kaiwa kashi 40 cikin ɗari. Dokar 1943 ta ƙara wani abu mai muhimmanci, wato da'irar mita 500 a kewayen ginin, inda duk wani gini ko rushewa da ake hangowa tare da shi sai mai zanen gini na gwamnati ya duba. Akwai kuma sassaucin haraji ga mai gidan da ya kashe kuɗi a gyara, musamman in yana buɗe wa jama'a. Gine-gine kusan 45,000 ne ke ƙarƙashin wannan tsari, kuma kusan rabinsu na masu zaman kansu ne.

Wannan gida bai shiga ko ɗaya daga matakan biyu ba. Ga wanda ya san tarihin tsarin, abin ba na mamaki ba ne. A mafi yawan ƙarni na 20 masana gini na Faransa suna raina gine-ginen ƙarni na 19 masu kwaikwayon na da, suna ganinsu jabu. A farkon shekarun 1970 ne ma aka rushe rumfunan ƙarfe na babbar kasuwar Paris da mai zanen gini Baltard ya tsara, tashar jirgin ƙasa ta Orsay a Paris kuwa da ƙyar ta sha, sai a 1973 aka yi mata rajista. Kafin ra'ayi ya sauya a kan ginin wannan ƙarni, wannan gida ya riga ya yi shekara 40 a ƙone. Ga shi sabo a idon masu son tsoho, ga shi kango a idon masu son gida.

Sakamakon a aikace shi ne babu tallafin ma'aikatar al'adu, babu sassaucin harajin gine-ginen tarihi, babu mai duba abin da ake yi a filayen kewaye, babu kuma wanda doka ta ɗora wa alhakin hana ginin zubewa. Abin da ya rage wa hukuma shi ne ikon magajin gari a kan ginin da ke barazana ga rayuka, shi kuwa wannan iko lafiyar mutane ya sa a gaba, ba ta duwatsu ba.

A cikin waɗannan shekaru wani abu yana faruwa a gefe. Hotunan gidan, musamman waɗanda aka ɗauka daga sama da jirgi marar matuƙi, sun bazu a intanet: hasumiyoyi farare a tsakiyar ruwa, kore yana fitowa ta tagogi. Mutanen da ba su taɓa jin sunan Loudun ba suka san kangon. A 2015 aka buɗe wani babban wurin hutu na kamfanin Center Parcs a dajin da ke kusa, abin da ya kawo baƙi masu yawa yankin. A wajajen 2016 kuma masu ƙaunar gidan suka kafa ƙungiya don neman a cece shi.

## Oktoba zuwa Disamba, 2017: karo-karo

Ƙungiyoyi biyu ne suka haɗa kai: Dartagnans, wani kamfanin tara kuɗi ta intanet domin gine-ginen tarihi da aka kafa a 2015, da ƙungiyar Adopte un château, wadda ke taimakon gidajen sarautar da ke cikin haɗari. Tara gudummawa don gyaran tsohon gini ba sabon abu ba ne a Faransa, gidauniyar Fondation du patrimoine tana yi tun bayan kafa ta a 1996. Abin da suka sauya shi ne matsayin mai bayarwa. Wanda ya ba da Yuro 50, ya ƙara Yuro 1, zai samu hannun jari a kamfanin da zai mallaki gidan. Zai zama ɗaya daga masu shi, yana da ƙuri'a a kan abin da za a yi, yana da damar shiga.

An buɗe neman a watan Oktoba. Ranar 1 ga Disamba an kai Yuro 500,000 daga mutane kimanin 6,500. Kafafen yaɗa labarai na ciki da wajen Faransa suka ɗauki labarin, lokacin kuma ya zo daidai da sayayyar Kirsimeti, mutane da yawa suka sayi hannun jari don kyauta ga 'yan uwa. Da aka rufe ranar 25 ga Disamba, an tara fiye da Yuro miliyan 1.6 daga mutane kimanin 18,600 a ƙasashe 115. In aka raba, abin da mutum ɗaya ya bayar bai kai Yuro 90 ba. Kuɗin sayen gidan Yuro 650,000 ne, saura ya tafi ga kuɗin cinikin da binciken masana da aikin gaggawa.

Yanayin ƙasar ma ya dace. A watan Satumban wannan shekara Shugaba Macron ya ɗora wa ɗan jaridar talabijin Stéphane Bern aikin gano gine-ginen tarihi da ke cikin haɗari da nemo musu kuɗi, maganar tana bakin jama'a.

## 2018 zuwa gaba: shawarar barin kango a kangonsa

An kammala ciniki a 2018. Wani zagayen tara kuɗi da ya biyo baya ya kai yawan masu gidan sama da 27,000. Tambayar da ke gabansu ita ce me za a yi da shi.

Muhawarar tsohuwa ce a Turai. Viollet-le-Duc yana ganin a mayar da gini cikakke, ko da cikar da bai taɓa samu ba a baya. Marubuci John Ruskin na Ingila yana ganin sake gina abin da ya mutu ƙarya ce, a tallafe shi kawai a bar shekarunsa su bayyana. Yarjejeniyar Venice ta 1964 kan gyaran gine-ginen tarihi ta fi karkata ga ra'ayi na biyu: gyara ya tsaya inda zato ya fara. A wannan gida, wanda shi kansa ɗan zamanin Viollet-le-Duc ne, aka bi hanyar Ruskin. Aka yanke cewa ba za a mayar da shi yadda yake kafin 1932 ba. Za a tsayar da lalacewar, a bar dutse da tsirrai su zauna tare a inda zamansu ba ya cutarwa.

Aikin irin wannan ba ya ɗaukar ido. Ana fara wa da auna ginin da duba kowace katanga, a san wadda ke shirin faɗuwa. Ana tokare bakunan tagogi da ƙofofin da suka tsage, a sauke duwatsun da ke lilo a ajiye su da lamba. Ana rufe kan katangu domin ruwa ya daina shiga tsakiyarsu, da kwaɓin farar ƙasa, ba siminti ba, saboda siminti ya fi wannan dutse tauri kuma yana kulle danshi a ciki, dutsen ya ruɓe a bayansa. Itatuwa kuwa ɗaya bayan ɗaya ake yanke musu hukunci: wanda ke tura bango a sare shi, wanda ya kafu a tsakiyar ɗaki ba ya taɓa komai a bar shi, wanda saiwarsa ta zama ɗaurin bango a rage masa rassa don iska ta daina jijjiga shi.

Aikin da ke sama, mai haɗari, na ƙwararrun magina ne. Na ƙasa, irin su share fili da gyaran hanya da tarbar baƙi, masu hannun jarin da kansu suna zuwa su yi shi gayya. Aka buɗe wurin ga masu ziyara da kuɗin shiga, da farko daga waje, daga baya zuwa sassan ciki da aka tabbatar da lafiyarsu. Annobar korona ta katse wannan kuɗin shiga kamar yadda ta yi wa sauran wuraren tarihi na Faransa, waɗanda aka rufe daga Maris na 2020, aka sake rufewa daga ƙarshen Oktoba har zuwa 19 ga Mayu, 2021.

Inda aka kwana shi ne, gidan da aka yi maganar warware shi a 2013 yana nan a tsaye, ana shiga ana gani, akwai masu alhakinsa. Bai koma gidan zama ba, ba a kuma yi niyyar ya koma ba. Tun a 2018 aka maimaita tsarin a wani kangon gidan sarauta a gundumar Deux-Sèvres mai maƙwabtaka.

## Hukunci

Labarin da duniya ta ɗauka shi ne na kuɗin, mutum 18,600 da ƙasashe 115. A ganina shawarar 2018 ta fi kuɗin nauyi. Yuro miliyan 1.6 ba za su rufa gida mai wannan girma ba, balle su mayar masa da benaye da tagogi. Da an sa sake gini a gaba, da kuɗin sun ƙare a kusurwa ɗaya, sauran katangu suna ci gaba da shan ruwa, kuma da an kawar da itatuwan nan da suka sa mutane suka so wurin tun farko. Da aka rage buri ya zo daidai da aljihu, sai kowane Yuro ya tafi inda cutar take, wato kan bango.

Malamin lissafin bai gaza don rashin himma ba, kuma ina ganin ya cancanci a tuna da shi da alheri, domin shekara 36 gidan yana hannunsa bai rushe shi ba. Ya gaji nauyin da hekta 2,000 ke ɗauka a da, ba tare da hektocin ba. Abin da karo-karon ya yi shi ne maye gurbin wannan ƙasa da mutane: kuɗin ziyara da gayya da sababbin masu jari suka tsaya a matsayin gonaki da daji. Hannun jarin Yuro 1 kuwa ya yi aikin da takardar godiya ba ta yi, domin mai gida yakan dawo ya duba gidansa, ya kawo iyalinsa, ya sake ba da wani abu.

Ina da damuwa biyu game da tsarin. Ya yi aiki a nan ne saboda kangon yana da kyawun da hoto ɗaya ke sayarwa. Faransa cike take da gidajen sarauta na karkara da rufinsu ke yoyo, ba su da gwalalo ba su da itace a taga, kuma ba na jin za su tara ko kashi ɗaya cikin goma na wannan kuɗi. Sannan tara kuɗi sau ɗaya ake yi ko sau biyu, shi kuwa kangon da ba shi da rufi kowane hunturu yana neman magini. Ɗokin mutum 27,000 da ke warwatse a duniya yana iya sanyi, kamfani kuma yana iya shiga matsala kamar kowane kamfani.

Babban kuskuren da na gani a tarihin gidan na farkon shekarun 1980 ne. A lokacin ra'ayin masana ya riga ya sauya game da ginin ƙarni na 19, doka kuma ta ba hukuma ikon yi wa gini rajista ko da mai shi bai nema ba. Da an yi hakan sa'ad da ake yanka filin ana sayarwa, da sabon mai gidan ya samu damar neman tallafin da ke kaiwa kashi 40 cikin ɗari na kuɗin rufe kan katangu, da'irar mita 500 kuma ta sa idon hukuma a kan abin da sababbin maƙwabta ke yi. Katangun da aka tokare bayan 2018 da an same su da ƙarancin ɓarnar hunturu fiye da 30.